Kiɗan Taiko na Jafan da Azuzuwan Koyar da Mata: Asali, Tsari da Amfani ga Lafiya

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami yawaitar waɗansu azuzuwa na koyon kiɗan gangunan Jafan, waɗanda ake shiryawa musamman domin mata 'yan koyo, watau waɗanda ba su taɓa riƙe sandar kiɗa ba. Ana samun irin waɗannan azuzuwa a biranen Jafan kanta, da Amurka, da Kanada, da Ingila, da sauran ƙasashen Turai. Abin lura a nan shi ne masu shirya su ba su cika yi wa mace alkawarin za ta zama gwanar makaɗiya ba. Abin da suke kira gare shi shi ne ƙarfin jiki, da kwanciyar hankali, da samun abokan hulɗa. Sau da yawa kuma sukan ƙara da cewa kiɗan daɗaɗɗe ne, an gaje shi kaka da kakanni, kuma akwai waraka a cikin amonsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin waɗannan maganganu, a rarrabe tsakanin tsaki da tsakuwa. Za a nuna cewa ita gangar tsohuwa ce, amma kiɗan taro da ake koyarwa a yau bai wuce shekarar 1951 ba. Za a kuma nuna cewa shigar mata cikinsa ta biyo bayan doguwar faɗi-tashi. Daga ƙarshe za a duba abin da bincike ya tabbatar game da amfanin kiɗan taro ga lafiya, da kuma inda ya kamata a yi hattara.

2.0 Gangar da Asalinta

Kalmar taiko a harshen Jafananci tana nufin ganga kowace iri. A wajen Jafan kuwa ma'anarta ta taƙaita ga gangunan Jafanawa da irin kiɗan da ake yi da su. Akwai ire-irensu da dama, amma huɗu ne mai koyo ya fi cin karo da su. Ta farko ita ce nagado, wadda ake sassaƙa kangonta daga gungumen itace guda, galibi itacen keyaki, a rufe bakunan biyu da fatar saniya, a kafe da manyan ƙusoshi. Faɗin bakin wadda aka fi amfani da ita yakan kai kimanin santimita 45. Ta biyu ita ce shime, ƙarama mai kaifin murya, wadda ake ɗaure fatarta da igiya ko ƙarfe. Ta uku ita ce okedo, wadda ake harhaɗa kangonta da falankai kamar yadda ake haɗa ganga ta zuba ruwa. Ta huɗu ita ce odaiko, watau babbar ganga, wadda takan fi tsawon mutum idan an ɗora ta a kan gadonta. Sandunan kiɗa kuwa, bachi ake kiransu, miƙaƙƙu ne, ba su da lanƙwasa irin ta makaɗin kalangu.

Tsufan gangar ba abin musu ba ne. An tono wani mutum-mutumi na yumɓu a lardin Gunma, na wajejen ƙarni na 6 Miladiyya, rataye da ganga. Tun daga zamanin nan an yi ta amfani da ita a wuraren bautar addinin Shinto da na Buda, da fadar sarki, da fagen yaƙi, da wasannin kwaikwayo na gargajiya, da bukukuwan ƙauye na roƙon ruwa da na tunawa da magabata. Har yanzu akwai gidan sassaƙa ganga na Asano a lardin Ishikawa, wanda ya faro tun 1609. Sai dai a duk waɗannan wurare mutum ɗaya ko biyu ne ke kiɗa, kuma gangar 'yar rakiya ce ga rawa ko addu'a ko waƙa.

Sauyi ya zo ne ta hannun Daihachi Oguchi, wani makaɗin jaz na lardin Nagano. An kawo masa wata tsohuwar takarda mai ɗauke da kiɗan wurin bauta na Suwa domin ya warware ta. Da ya ga kiɗan ba shi da yawan salo, sai ya jera ganguna masu muryoyi daban-daban kamar yadda makaɗin jaz yake jera nasa, sa'an nan ya raba su ga mutane da yawa, kowa da tasa. A 1951 ya kafa ƙungiyar Osuwa Daiko, kuma wannan tsari shi ake kira kumi-daiko, watau kiɗan taro. Wasannin Olamfik na Tokiyo na 1964 sun taimaka wajen nuna shi ga duniya. A 1969 Den Tagayasu ya kafa ƙungiyar Ondekoza a tsibirin Sado, inda matasa suka riƙa zama tare, suna gudun dogon zango kullum a matsayin horo. A 1975 sun shiga gudun famfalaki na birnin Boston, suna kammalawa suka hau babbar ganga. Daga cikinsu ne ƙungiyar Kodo ta ɓalle a 1981.

Muhimmancin wannan tarihi ga batunmu shi ne: tun da kiɗan taro ƙirƙira ce ta zamani, bai zama gadon wani gida ko mallakar wani wurin bauta ba. Duk wanda ya zo ana iya ba shi ganga da matsayi a sahu. Wannan ita ce kafar da mata suka bi.

3.0 Mata da Ganga

Akwai wani tarihihi a littafin Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712, da makaɗa mata suke yawan ambatawa. An ce abar bautar rana, Amaterasu, ta yi fushi ta shige kogo, duniya ta yi duhu. Sai wata mai suna Ame no Uzume ta kife wani baho, ta hau tana dirka ƙafa tana rawa, taro ya kece da dariya, har Amaterasu ta leƙo don ta ga abin da ke faruwa, haske ya dawo. Jafanawa da yawa suna ɗaukar wannan dirin baho a matsayin mafarin ganga. Ke nan a tarihihi mace ce ta fara kiɗan.

A zahiri kuwa al'amarin ya sha bamban. A bukukuwa da yawa na wuraren bauta an hana mata taɓa ganga, saboda wata aƙida da ake kira kegare, wadda take ɗaukar jinin haila da na haihuwa a matsayin ƙazanta da ba ta dace da kayan ibada ba. Da kiɗan taro ya bunƙasa, sai wani shinge ya ƙaru. Hoton da Ondekoza ta yaɗa a shekarun 1970 shi ne na ƙaƙƙarfan namiji sanye da bante kawai, ya juya wa jama'a baya, yana fama da babbar ganga, jijiyoyin bayansa a miƙe. Matan ƙungiyar an fi ba su rawa da ƙananan kayan kiɗa. Sai ya zamana ma'aunin gwaninta ya koma ƙirar jikin namiji.

Duk da haka akwai wuraren da mata suka daɗe suna kiɗa. Fitacce daga ciki shi ne tsibirin Hachijo, mai nisan kusan kilomita 290 kudu da Tokiyo. A can mutum biyu ne suke tsayawa a kan ganga ɗaya, ɗaya yana riƙe da kiɗan tushe, ɗayan yana ƙaga nasa salo a kai, kuma mata da maza duka suna yi. Daga wannan salo ne Chieko Kojima, wadda ta shiga Ondekoza a 1976 a matsayin mai rawa, ta gina nata kiɗan mai suna Hana Hachijo, inda take kaɗawa sanye da tufafin kimono. A 1987 kuma aka kafa ƙungiyar Hono-o Daiko ta mata uku a lardin Ishikawa, waɗanda suka tunkari babbar ganga kai tsaye.

Labarin ya ɗauki wata fuska a Amurka ta Arewa. Seiichi Tanaka ya buɗe makarantar taiko a San Faransisko a 1968, ƙungiyar Kinnara ta biyo baya a Los Anjelas a 1969, sai ta San Jose a 1973, wadda P. J. Hirabayashi, mace, tana cikin jagororinta na farko. Yawancin waɗannan matasa 'ya'ya ne da jikokin Jafanawan da gwamnatin Amurka ta tsare a sansanoni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su kimanin 120,000. Iyayensu sun fito daga tsarewar sun zaɓi yin shiru, su kuwa sai suka sami abin ɗaga murya a cikin ganga. Ga mata abin ya ninka, domin an daɗe ana siffanta macen Asiya da sanyin murya da sunkuyar da kai. An kafa ƙungiyar Sawagi ta mata zalla a birnin Bankuba na Kanada a 1990, da wata a Toronto a 1998. Ƙidayar da ƙungiyar masu taiko ta yi a 2016 ta nuna cewa mata sun doshi kashi biyu bisa uku na makaɗan da suka amsa. A ranar 29 ga Fabrairu 2020 an yi wani babban wasa mai suna HERbeat a jihar Minesota, wanda ya haɗa manyan makaɗa mata na Jafan da Amurka ta Arewa, kuma an fitar da fim a kansa a 2022. Azuzuwan mata 'yan koyo rassa ne na wannan tarihi.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Aji

Zama ɗaya yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a rusuna wa ɗakin, a gaisa da malama da sauran ɗalibai. Daga nan sai miƙe gaɓɓai, musamman kafaɗu da wuyan hannu da gwiwoyi. Inda ganguna suka yi ƙaranci, saboda tsadarsu, akan fara da tayar mota da aka naɗe da salatif. A Amurka ma yawancin gangunan daga tsofaffin gangunan katako na ajiye giya ake yin su.

Darasi na farko shi ne tsayuwa, wadda ake kira kamae. Mai koyo za ta ware ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ta ɗan durƙusa, ta saukar da nauyinta zuwa ƙugu. Jafanawa suna kiran wurin da ke ƙasa da cibiya hara, kuma a ganinsu daga nan ƙarfi yake tasowa. Darasi na biyu shi ne bugu. Ana koya mata ta ɗaga sanda sama sosai, ta saki hannu ya faɗo da nauyinsa, ta damƙe sandar a daidai lokacin da za ta taɓa fata. Da wannan dabara mace mai ƙaramin jiki takan fitar da amon da ya fi na ƙato mai bugu da damtse kawai.

Darasi na uku shi ne wanda zai fi jan hankalin masu nazarin harshe, watau kuchi shoga, koyar da kiɗa da baki. Kowane bugu yana da gaɓar furuci tasa. Don shi ne bugu ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar fata. Doko shi ne biyu a jere cikin sauri. Tsu bugu ne mai laushi. Ka shi ne bugun gefen katako, kara kuwa biyu ne a gefen. Su yana nufin a dakata, ba a bugu. Malama takan furta jerin, ɗalibai su maimaita da baki har ya zauna, sa'an nan a koma kan ganga. Idan aka dubi gaɓoɓin za a ga akwai hikima a zaɓensu: baƙi mai ziza da wasali o ga amo mai zurfi, baƙi maras ziza da wasali a ga amon katako, sa'an nan n na ƙarshe yana nuna amon da ke jan lokaci. Ya kamata a bambance wannan da taken da makaɗan Hausa suke yi da kalangu, inda ganga take bin karin sautin kalmomi masu ma'ana. Gaɓoɓin kuchi shoga ba kalmomi ba ne, umarni ne ga hannu game da inda zai buga da yadda zai buga. Fa'idar wannan ga 'yar koyo a fili take, domin ba ta bukatar sanin rubutun kiɗa ko harshen Jafananci kafin ta fara.

Darasi na huɗu shi ne kiai, watau gajeriyar tsawa da makaɗiya take yi daga ciki, don ta ƙarfafa kanta ko 'yar'uwarta, ko ta nuna inda za a shiga. Malamai sukan ce wannan ya fi bugu wuya ga sababbin ɗalibai mata, domin da yawansu an tashe su a kan cewa ɗaga murya a bainar jama'a rashin kamun kai ne. Kafin a tashi akan haɗa abin da aka koya a yi ɗan gajeren kiɗa tare. A Amurka ta Arewa an fi farawa da wani kiɗa na Tanaka mai suna Renshu, ma'ana gwaji. Wani lokaci kuma ana yin da'ira, sauran su riƙe kiɗan tushe, kowace ta fito ta yi nata na ɗan lokaci. Ana rufewa da goge ɗaki, da mayar da ganguna, da godiya.

5.0 Amfani ga Lafiya

Ana iya kasa amfanin gida uku. Na farko shi ne motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Alƙaluman da ta fitar na shekarar 2022 sun nuna kashi 34 cikin 100 na mata ba su cika wannan ba, maza kuwa kashi 29. Taiko ya haɗa durƙuso, da ɗaga hannu, da bugun zuciya mai sauri, don haka yana shiga cikin wannan lissafi. Wadda filin wasa bai yi mata ba tana iya jure awa guda a kan ganga, saboda hankalinta yana kan kiɗan.

Na biyu shi ne tasirin yin abu tare a lokaci guda. A 2012 Robin Dunbar na Jami'ar Okusfod da abokan aikinsa sun gwada juriyar zafi ga mutane bayan waƙa da rawa da kiɗan ganga, a matsayin alamar fitar sinadarin endofin, wanda jiki yake samarwa don rage raɗaɗi. Sun ga juriyar ta ƙaru ga waɗanda suka yi kiɗan da kansu, amma ba ta ƙaru ga masu saurare kawai ba. A 2016 kuma Daisy Fancourt da abokan aikinta sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Landan da masu neman taimako kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutum 30 sun yi kiɗan taro na minti 90 sau ɗaya a mako har mako goma, aka kwatanta su da wasu 15 da ba su yi ba. An sami raguwar ciwon damuwa da fargaba, da ƙaruwar juriyar mu'amala, kuma sakamakon ya dore bayan wata uku. Wannan yana da muhimmanci ga mata, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa ya fi yawa gare su da kimanin rabi idan an kwatanta da maza.

Sai dai wajibi ne mai nazari ya lura da iyakar wannan hujja. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma gangar da aka yi amfani da ita jembe ce ta Afirka ta Yamma. Abin da gwajin ya nuna shi ne amfanin kiɗan taro gaba ɗaya. Saboda haka ba ya zama hujja ga masu cewa akwai wata waraka ta musamman a amon gangar Jafan.

Na uku shi ne abin da ya keɓanta da taiko, watau tsayuwa da murya. Tsarin kiɗan yana tilasta wa mace ta ware ƙafa, ta miƙa hannu iyakar tsawonsa, ta cika wurin da take tsaye, ta yi tsawa, kuma a yaba mata a kan haka. Masana irin su Deborah Wong, a littafinta na 2019, da Angela Ahlgren, a nata na 2018, sun yi dogon bayani a kan ma'anar wannan ga matan Asiya mazauna Amurka. Har wa yau, a kiɗan taro kuskuren mutum ɗaya yakan nutse cikin amon sahu, don haka kunyar mai koyo takan ragu. Zaman mata zalla kuma yana kawar da gasar ƙarfi da zaman kallo, waɗanda sukan hana wasu sakin jiki.

6.0 Inda Ya Kamata a Yi Hattara

Babban haɗari shi ne na kunne. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bi ita ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 kada ta wuce awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100 ke nan minti 15 ne kawai. Ganguna da yawa a rufaffen ɗaki suna iya kaiwa wannan mizani, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Ajin da ya san abin da yake yi yakan tanadi abin toshe kunne. Ban da wannan akwai bororo a tafin hannu, da ciwon kafaɗa da gwiwar hannu ga mai bugu da taurin jiki, da ciwon gwiwa ga wadda ta durƙusa fiye da ƙima. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, su nemi shawarar likita tukuna. Mai ciwon damuwa kuma kada ta bar maganinta don ta shiga aji, domin kiɗa taimako ne a kan magani.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gangar Jafan ta haura shekara 1,400, amma kiɗan taro na Oguchi ya faro ne a 1951, kuma sabuntarsa ce ta ba mata damar shiga bayan aƙidar kegare da hoton ƙaƙƙarfan namiji sun tare musu hanya. An kuma ga cewa amfanin da 'yar koyo take samu yana fitowa ne daga motsa jiki, da bugu tare da jama'a, da samun izinin tsayuwa da ɗaga murya. Biyu na farko bincike ya goyi bayansu gwargwadon hali, na ukun kuwa tarihin matan da suka yi kiɗan ne yake shaidarsa. Wanda zai auna ingancin irin wannan aji sai ya dubi ko malamar ta san dabarar bugu, ko ana kare kunnuwan ɗalibai, da kuma ko ana faɗa musu tarihin kiɗan yadda yake.